Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Iyayenmu Sarakunan Arewa Kan Masu Farfaɗiyar da Ake Ɓoyewa a Cikin Gida

Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Masu Martaba sarakunan Arewa, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limaman da ke ƙarƙashin inuwarku,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da ban girma irin wadda ta dace da iyaye, muna roƙon Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da ƙasashenku lafiya.

Mu 'ya'yanku ne, ma'aikatan jinya da unguwarzoma da masu aiki a ƙananan asibitocin unguwa da na karkara. Mun ɗauki alƙalami ne a madadin wasu talakawanku da ba sa zuwa fada gaisuwa, ba a kuma kawo kukansu, domin danginsu ba sa so a san da zamansu: masu ciwon farfaɗiya. Da su, da iyayensu mata da ke kwana ido biyu suna sauraron motsinsu. A gidajen nan ko sunan ciwon ba a kamawa. Sai dai a ce "abin nasa ya motsa", ko "yana da 'yar lalura", ko "mutanen nata ne suka zo".

Mun nufo ƙofarku ne saboda mun ga abin da kuka yi da shan inna. Bayan an kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009, sarki ya riƙa ɗiga wa jikansa maganin rigakafi a bainar jama'a, mai unguwa ya shiga gaba gida gida, liman ya yi huɗuba. Ƙofofin da suka gagari ma'aikacin gwamnati sai ga su a buɗe. An ga na ƙarshen masu cutar ta asali a Borno a 2016, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Tun daga nan muna jin sanƙira yana shelar rigakafi da awon ciki da gidan sauro. Farfaɗiya kuwa ba ma jin sunanta a shela, ba ma jinsa a kan mumbari. Wannan shirun ne ya kawo mu.

Ranku ya daɗe, ciwon nan yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi da mutum miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa ɗungurungum idan aka gane ciwon aka ɗora su kan maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Ta kuma ce haɗarin mutuwa da ƙuruciya a wajensu yana iya ninka na sauran jama'a har sau uku. Tsadar magani da nisan asibiti suna da nasu laifin, za mu zo kansu. Amma kowane mataki na jinyar farfaɗiya yana buƙatar wani mutum ban da mai ciwon ya sani: wanda zai ba da labarin yadda ya faɗi, wanda zai tuna masa da ƙwaya kullum, wanda zai janye shi daga bakin murhu. Gidan da ya ɓoye ciwon ya kori waɗannan mutanen duka.

Kukanmu na farko kan yawu ne. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, nan take fili ya buɗe kamar an ga maciji. Uwa ta fizge hannun ɗanta, wani ya ce kada kowa ya taka kumfar bakinsa, in ya tashi a zo a zuba toka ko a kunna wuta a wurin. A gida a ware masa kwano da moɗa da tabarma. Muna shaida muku da abin da muka karanta muka kuma yi aiki da shi: ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko fitsari, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciyar aure. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙonninta ne da wani abu mai kama da wutar lantarki. Idan wani gungu na ƙwayoyinta ya saki wutar nan gaba ɗaya fiye da kima, shi ne faɗuwar. Sau da yawa wani tabo ne a ƙwaƙwalwa ke jawo haka, kuma abubuwan da ke barin tabon mun san su a ƙasar nan: doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, faɗuwa daga babur babu hular kwano, shanyewar ɓarin jiki a wajen manya. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda ta bar wa kurumta ko farfaɗiya. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, da yawansu cikin jijjiga. A wasu kuma ba a gano dalili, wasu akwai gado a ciki, amma mafi yawan 'ya'yan mai farfaɗiya ba sa yin ta.

Abin da tsoron yawu ke haifarwa a ɗakin masu ƙuna ake ganinsa. Mai lafiya in wuta ta taɓa shi zai janye hannu kafin ya yi tunani. Wanda ciwon ya buge ba ya cikin hayyacinsa, hannunsa zai zauna cikin garwashi ko tafasasshen mai har faɗuwar ta sake shi, mutane na tsaye a gefe suna salati. Shi ya sa ƙunar mai farfaɗiya take da zurfi, take cin jijiya, yatsu su manne su ƙandare. Rijiya marar murfi da kududdufin damina su ma haka: ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe wanda ya faɗa ciki da fuska. Waɗannan mutuwar ba a rubuta su da sunan farfaɗiya. Sai a ce ya faɗa ruwa, kwana ya ƙare.

Waɗanda suka yi ta maza suka matso kuma, yawanci abin da aka koya musu cutarwa ne. A cusa cokali ko tsinke a baki wai kada ya haɗiye harshe, alhali ba mai iya haɗiye harshensa. Cokalin ne ke karya haƙori, guntun haƙorin ya faɗa maƙogwaro. A ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja yana cikin jijjiga, abin ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, bayan kwana biyu ga ciwon haƙarƙari da zazzaɓi. A danne shi da ƙarti huɗu har kafaɗa ta goce. A tura masa hayaƙin barkono, a goga masa albasa a ido, a kanga ƙafar yaro a wuta wai don ya farfaɗo. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, kuma duk ba mai tsayar da faɗuwar. Mafi yawanta tana tsayawa da kanta cikin minti ɗaya zuwa uku.

Kuka na biyu shi ne ɓoyon yana hana a gane ciwon. Ma'aikacin lafiya da wuya ya ga faɗuwar da idonsa, mai ciwon kuma ba ya tuna komai. Da bakin shaida ake gane farfaɗiya. Za a tambaya: me yake yi kafin ya faɗi? Ya ce ya ji wani wari, ko wani abu yana taso masa daga ciki? Idonsa a buɗe yake ko a rufe? Jiki ya fara sandarewa ne sannan ya kama karkarwa? Daga hannu ɗaya ta fara ko gaba ɗaya? Ya ciji gefen harshe? Fitsari ya kufce? Minti nawa? Da ta sake shi ya yi barci mai nauyi, ya tashi da ciwon kai? Hoton bidiyo na minti ɗaya a waya ya fi dogon bayani. Ana kiran abin farfaɗiya ne idan mutum ya faɗi sau biyu ko fiye, da tazarar sama da yini guda, ba tare da wani dalili na nan take ba kamar zazzaɓi ko faɗuwar sukari a jini. Gwajin da ake manna wayoyi a kai yana taimakawa, amma sai a manyan asibitoci, kuma yana iya fitowa lafiya lau ga wanda yake da ciwon. To uwa ta zo, kunya ta hana ta faɗi, ta ce jiri ne yake damunsa ko zazzaɓi. A rubuta maganin zazzaɓi, a koma gida, wata mai zuwa a sake.

Akwai kuma nau'o'in da ba sa kayar da mutum ƙasa, su ne aka fi zalunta. Yaro yana cikin karatu sai ya tsaya cak, ido a kafe, na daƙiƙa goma, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yana iya yin haka sau da dama a yini. Malam ya ce iskanci ne ko daƙiƙanci, ya sa bulala. Wata kuma sai ta kama tauna baki, tana murza gefen zaninta, tana tafiya ba ta san inda take ba na minti biyu, a kira ta ba ta amsawa. Nan da nan a ce aljanu. Wannan farfaɗiya ce da ke tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na wajen kunne, kuma tana jin magani. A gefe guda, ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da ya yi taune-taune saboda zafin zazzaɓi, abin nema shi ne dalilin zazzaɓin, yawancinsu suna girma ba su sake ba. Mai ciki da ta kama jijjiga da kumburin ƙafa da hawan jini, wannan wata cuta ce daban mai kisa cikin sa'o'i, tana da allurarta a asibiti, kuma duk mintin da aka ɓata ana turare ana rage mata kwana ne.

Allah ya ba ku nasara, mu ma masu imani ne, ba mu zo musun abin da addini ya tabbatar ba. Malaman da suka gabata irin su Ibnul Ƙayyim da kansu sun raba faɗuwa gida biyu, suka ce akwai wadda daga jiki take, likitoci ne masu maganarta. Abin da muke kuka da shi shi ne a yanke hukunci tun ba a duba ba, a shekara biyar ana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, an sayar da akuya an sayar da gona, wani wurin har da duka da mari da sarƙa. Ƙasar nan ba ta manta da abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da mutum wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Addu'a da ƙwaya ba sa faɗa da juna. Mai ruƙiyya ya yi ruƙiyyarsa, amma ranar da ya ce a ajiye maganin asibiti ya jefa rai cikin haɗari.

Wannan ya kawo mu kuka na uku, wanda ya fi kowanne cin rai: yankewar magani. Maganin farfaɗiya ba ya aiki irin na ciwon kai, a sha in an ji ciwo. Dole ya zauna cikin jini dare da rana a kan wani ma'auni. Ana farawa da magani ɗaya, kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali har faɗuwa ta tsaya. Fenobabiton, wanda ya fi araha, sau ɗaya ake sha da dare, kuma yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya daidaita a jini. Gidan da ba a yi wa wannan bayani ba, in yaro ya faɗi a kwana na biyar sai su ce maganin bature bai karɓe shi ba. Yana sa barci a farko, wasu yaran kuma ya sa su ƙiriniya. Kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, sau biyu ne a rana. Idan ƙuraje suka feso a makonnin farko, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, a koma asibiti a ranar, domin yana iya zama mai saɓule fata. Na yara da nauyin jiki ake lissafa shi. Yaron da aka rubuta wa magani yana kilo 15, yau ya kai kilo 25, ana ta sayen tsohon adadi a kemis da tsohuwar takarda, dole faɗuwa ta dawo. Ana fara tunanin janye magani ne bayan an shekara biyu cur ba a faɗi ba, shi ma a hankali cikin watanni, a hannun wanda ya rubuta shi.

Wanda ya yanke shi rana ɗaya, musamman fenobabiton, yana iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa, ko mai zuwa bi da bi ba ya farfaɗowa a tsakani. Wannan ita ke lalata ƙwaƙwalwa, ita ke kisa. Kuma a nan ma akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: a ruga kemis a yi masa allurar baliyam a ɗuwawu. Ta tsoka maganin nan ba ya shiga jini da wuri. Ta jijiya ake ba da shi a hankali, ko ta dubura, a wurin da ake iya lura da numfashi.

Me ke sa a yanke? Wani lokaci kuɗi, wani lokaci an je babu. Amma ku dubi amarya. An yi shekara uku tana shan ƙwayarta ba ta faɗi ba, gidansu sun ɓoye wa kowa, har manemin. Ana gobe ɗaurin aure uwa ta ja ta ɗaki ta ce ki bar ƙwayar nan a nan, kada dangin miji su gani a kayanki. Ko kuma ta ƙulle mata a leda ta tura ƙasan akwati, ta riƙa sha a ɓoye in ta samu sarari, yau ta sha gobe ba ta sha ba. Ga makon biki ba barci, rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Kwana kaɗan da tarewa, ranar da ta fara shiga girki, ta faɗi a gaban murhu. Uwar miji ta ce an cuce su, an kawo musu mai aljanu. Ta koma gida da takardar saki da tabon wuta, kuma maganar da aka yi shekaru ana ɓoyewa ta zaga gari a yini ɗaya.

Ko auren ya zauna, ɓoyon yana bin ta har ɗakin awo. Balfuret, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, magani ne mai ƙarfi, amma idan aka sha shi da ciki kusan jariri 1 cikin 10 yana zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma su sami matsalar koyo da magana. Don haka ba a son ɗora 'yan mata da matan da ke haihuwa a kansa in akwai wani. Canjin kafin a ɗauki ciki ake yinsa, tare da ƙwayar folik asid kullum. Wadda ta ga ciki kuma ta watsar da maganinta don tsoro, ta jefa kanta da ɗan cikin a haɗarin da ya fi. Fenobabiton da Tegretol suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, allurar wata uku da robar mahaifa su ne ba su cika samun wannan matsala ba. Fenobabiton da Tegretol ɗin suna kuma karo da wasu magungunan ƙanjamau. Duk wannan ba mai iya gyara shi in mace ta zo awo ta yi shiru saboda ƙanwar miji na zaune a gefenta. Mai farfaɗiya tana aure, tana haihuwa, tana shayarwa lafiya, in an san da ita.

Na huɗu gajere ne. Ana cire yaran nan daga makaranta. Wani iyaye ne ke cirewa, wani kuma sauran iyaye ne ke matsa wa shugaban makaranta. Yawancinsu ƙwaƙwalwarsu daidai take da ta kowa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga ma'aikata. Amma uban da ke ɓoye ɗansa ba zai je kotu ba.

Na biyar, laifin tsarinmu ne na lafiya. A wurare da yawa mai farfaɗiya sai ya je asibitin masu taɓin hankali, Dawanau ko Kware ko Barnawa ko na Maiduguri, kafin ya ga wanda ya san ciwon. Asibitocin suna aikinsu. Amma magidanci yana lissafin kuɗin mota na mutum biyu duk wata, yana kuma lissafin abin da za a ce in an gan shi a ƙofar. Farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ta da kula da ita. A 2022 ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na shekara goma da ke neman a ƙara yawan masu samun kulawa da rabi kafin 2031. Ba za a kai ko kusa ba in maganin bai sauko asibitin mazaɓa ba.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku umarci limamai su yi huɗuba a kan ciwon nan, su kama sunansa. Suna da abin faɗa fiye da mu. A Bukhari da Muslim, Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u wata baƙar mace ya ce ga 'yar Aljanna. Ita ce ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana faɗuwa kuma tsiraicinta yana bayyana, ta roƙi ya yi mata addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi addu'ar kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata. Baiwar Allah nan da bakinta ta faɗi ciwonta, sahabbai sun san ta da shi, ba wanda ya guje ta. Suturar da ta nema ta jikinta ce. Rufin asirin da ya kamaci mai farfaɗiya ke nan: in ta faɗi, wata ta cire mayafi ta rufa mata. Limamai su haɗa da hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, da aya ta 61 a Suratun Nur da ta ɗauke ƙunci a kan cin abinci ga makaho da gurgu da marar lafiya.

Ku sa sanƙira da gidajen rediyo su maimaita taimakon farko har yara su haddace. In mutum ya faɗi, a duba agogo. A janye shi daga wuta ko ruwa ko titi, a kawar da abin da zai buge. A sa tsumma ko hula a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga ko hijabi. Kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, ko ruwa. Da karkarwar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zubo waje. Mutum ɗaya ko biyu su zauna da shi har hankalinsa ya dawo, sauran su watse, domin buɗe ido a ga taro a kai wani ciwon ne. A ɗauke shi zuwa asibiti in jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko a ruwa ya faɗi, ko ya ji rauni, ko wannan ne karo na farko, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya. In ya ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri.

A gida kuma a gaya wa mutane abin da za su iya yi yau: murfi a kan rijiya, kada mai ciwon ya yi girki ko ɗiban ruwa ko wankan rafi shi kaɗai, kada ya sa sakata in ya shiga wanka, kada ya hau bishiya ko ya tuƙa babur ko mota har sai likita ya yarje. Mai jego ta yi wa jariri wanka a zaune a ƙasa da wani a kusa. A haɗa shan ƙwaya da abin da ba a mantawa, kamar sallar asuba da ta isha, a sa mutum ɗaya a gidan ya zama mai tuni, a riƙa yin alama a kalanda duk ranar da aka faɗi don a nuna a asibiti. Kafin azumi a je a tambaya ko za a iya mayar da maganin sahur da buɗa-baki, ko kuwa mutum yana cikin waɗanda shari'a ta yi wa rangwame. Matasa su sani tiramol yana tayar da jijjiga ko ga wanda ba shi da farfaɗiya.

Ku yi amfani da hanyar da kuka riga kuka shimfiɗa. Lokacin shan inna, wanzamai da unguwarzoma da masu maganin gargajiya su ne ke kai rahoton yaron da ƙafarsa ta saki. Mai unguwa ya san gidan da ake da wanda ba ya fitowa. Ba rajista muke nema da za a karanta a dandali ba. Ya shiga shi kaɗai, ya zauna da maigida a zaure, ya haɗa shi da ma'aikacin lafiya. Inda ya tarar da sarƙa ko ɗaki a kulle, ya sanar da hakimi a ranar. Ku kuma tara masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya ku ɗora musu sharuɗɗa a fili: ba duka, ba ɗauri, ba hayaƙi ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, ba hana shan maganin asibiti, kuma duk wanda aka kawo da faɗuwa a tura shi a duba shi.

Kan aure, muna roƙon malamai su yi wa jama'a bayani. Sun fi mu sanin abin da fiƙihun Malikiyya ya ce game da aibin da aka ɓoye kafin ɗaurin aure, da jinkirin shekara da ake bayarwa don neman magani. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma farfaɗiya ba ta fitowa a gwajin jini, sai dai a faɗa. Waliyyai su gaya wa juna gaskiya a asirce tun ana neman aure, a je da saurayin ko budurwar wajen ma'aikacin lafiya su ji bayani da kunnensu. Wanda ya karɓa da saninsa shi ne zai riƙa miƙa mata ƙwaya da ruwa.

Ku gaya wa shugabannin makarantun boko da na Islamiyya da alarammomi cewa ba a korar yaro don farfaɗiya, kuma kowace makaranta ta sami malami ko da ɗaya da ya iya taimakon farko.

Daga ƙarshe, ku yi mana magana da gwamnoni, domin ku suke ji. A sa aƙalla magunguna biyu na farfaɗiya cikin kayan da ba sa yankewa a babban asibitin kowace mazaɓa, tare da maganin tsayar da doguwar jijjiga. A koya wa ma'aikatan wurin, a ba su lambar likitan da za su kira. A riƙa bai wa wanda ciwonsa ya lafa maganin wata uku a lokaci guda don rage masa zirga-zirga. A shigar da marasa ƙarfi cikin inshorar lafiya ta jiha da asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Kwamitocin zakka na masarautu kuma su ɗauki nauyin maganin gidajen da mai unguwa ya shaida ba su da hali.

Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya. Muna roƙon Juma'ar da ke gabanta ta zama ranar huɗubar farko a duk masallatan da ke ƙarƙashinku. A shirye muke mu zauna da duk limamin da kuka turo mu yi masa bayani, mu kuma je kowace fada mu nuna wa dogarai da masu unguwanni yadda ake juya mutum gefe ɗaya, aikin da bai wuce rabin sa'a ba.

Allah ya ja zamaninku. Wassalamu alaikum.

'Ya'yanku masu biyayya,
wasu ma'aikatan jinya, unguwarzoma da ma'aikatan lafiya a matakin farko daga jihohin Arewa.